Teburin mai shayin da ake shan kofin shayi kyauta in ka san asalin kalma

Jama'a in kuna Kano kuma kuna son shayi mai kyau da hira mai daɗi, akwai wani teburin mai shayi a wajen Gyaɗi-Gyaɗi da nake so in ba ku labarinsa, don gaskiya ya cancanci a yabe shi a bainar jama'a. Ba shi da allon suna, ba shi da shafi a Facebook, tebur ne kawai irin wanda kowa ya sani, bencina a kewaye, an jera gwangwanayen madara da na Milo da Bournvita sun yi tsini, burodi a gefe cikin leda, kiret ɗin ƙwai a ƙarƙashi. Mai wurin mutumin Maraɗi ne amma ya daɗe a Kano sosai, yaransa ma duk a nan aka haife su. Abin da ya raba teburinsa da na sauran masu shayi shi ne wani ɓallin kwalin Indomie da yake jingina wa jikin gwangwani kullum da daddare, ya rubuta tambaya ɗaya a jiki da alƙalamin maka, kuma kusan kullum tambayar a kan wata kalma ce ko wani abu da ke nan kan teburin a gaban idonka. Duk wanda ya fara ba da amsa daidai ya ci kofin shayi kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, ba a taɓa waya sai an gama.

Bari in fara da shayin kansa tunda shi ya kai mutum wurin. Tukwane biyu yake ɗorawa, ɗaya ruwan ganye zalla, ɗaya kuma ta kayan ƙamshi wadda ya zuba wa citta da kanumfari da masoro da ɗan na'a-na'a, kuma ita wannan ta biyun ita nake ba kowa shawara musamman lokacin hunturu, tana da yaji har maƙogwaro amma ba irin wanda zai sa ka tari ba. In ka ce haɗin kauri to da gaske kauri za ka sha, ba ya ƙyashin madara, zai zuba ta gari ya ƙara ta ruwa a kai, sannan ya ɗauko kofunan silba guda biyu ya dinga sheƙa shi daga wannan zuwa wancan, hannu ɗaya can sama ɗaya a ƙasa, shayin ya miƙe dogo tsakaninsu har ya yi kumfa, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa, yana yi yana amsa gaisuwar masu wucewa ko kallon kofunan ba ya yi. In kuma kai mai ruwan bunu ne ba ya yi maka kallon raini, hannu ɗaya yake haɗa wa kowa. Yana da Lipton, yana kuma da ganyen Mambilla, wato Highland ɗin nan da ake nomawa a Kakara ta jihar Taraba, kuma ni na fi son na Mambillan don ya fi jan launi ya fi ɗanɗanon ganye. Suga ne dai hannunsa ke da nauyi a kai, in ba ka yi magana da wuri ba zai narka maka shi, don haka tun kana zama ka ce masa Malam suga kaɗan.

To batun kwali. Akwai wani dattijo tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, gidansa na nan kusa, shi ne alƙalin wasan. Yana da ƙamus ɗin Bargery ɗin nan na Hausa da Turanci wanda aka fara bugawa a 1934, ƙato ne, bangonsa har ya saki an ɗaure da roba, in gardama ta yi tsanani sai ya aiki jikansa ya ɗauko shi. Da shi da mai shayin suke shirya tambayoyin tun la'asar.

Wata rana aka rubuta: shayi da ti, wanne ne ɗan gida wanne ne baƙo? Kusan duk wanda ke benci ya ce ai wannan ba tambaya ba ce, shayi Hausa ne ti Turanci. Baba ya bari aka gama surutu sannan ya ce "Yara, duk su biyun baƙi ne, kuma gidansu ɗaya." Ya ce ganyen daga ƙasar Sin ya fito, sunansa ma haka, a mafi yawan ƙasar cha suke cewa, wannan sunan ya biyo hanyar fatake ta tudu ya shiga Farisa ya koma cai, Larabawa suka ce shai, mu kuma muka karɓa a bakinsu muka ce shayi. Su kuwa mutanen gaɓar teku na yankin Fujian te suke cewa, a wurinsu Turawan Holan suka ji suka ɗauka a jirgin ruwa suka kai Turai, Ingilishi ya mai da shi tea, ya zo mana da shi muka ce ti. Wato kalma ɗaya ce ta rabu biyu tun a can, ɗaya ta biyo ayari ɗaya ta biyo teku, suka sake haɗuwa a kan benci a Kano. Wallahi daɗin da na ji a ranar ba kaɗan ba ne, abu kana sha tun kana yaro ba ka taɓa tsayawa ka tambaya ba. Kuma bai tsaya nan ba ya ce sukari da suga ma haka suke, asalinsu wata kalma ce ta tsohon yaren Indiya mai nufin tsakuwa ko ɓurɓushi, ta bi ta Farisa zuwa Larabci sukkar, mu muka ce sukari, Turawa ma daga Larabawan suka samo nasu sannan suka dawo mana da shi a matsayin suga. Wani ya ce to namu na gida fa, Baba ya ce mazarƙwaila mana, ita ce ta rakenmu. Ranar babu wanda ya ci kofin, sai mai shayin ya haɗa ya miƙa wa wani almajiri da ke tsaye.

Indomie ɗinsa ma abin a yaba ce. Ba ya dafa ta ta yi laɓe-laɓe, yana tsame ta da sauran ƙarfinta, ya yanka albasa da attaruhu da tumatir a kan wani ɗan katako da wuƙa ta cinye tsakiyarsa, ya soya su sama-sama, ya juye taliyar a kai ya fasa ƙwai ya juya da sauri har kowane zare ya samu rabonsa. In wainar ƙwai kake so daban cikin burodi, yana tsaga burodin ya saka ta ya mayar kan kasko ya danne da bayan faranti har gefen ya yi ƙamas-ƙamas. Matsalarsa mai, yana zuba shi da yawa, wani lokaci in ka gama za ka ga ya kwanta a gindin faranti, na taɓa yi masa magana ya ce mafi yawan kwastomominsa haka suke so, to shi ma sai ka faɗa tun farko.

A kan Indomie ɗin nan aka yi dariyar da ba zan manta ba. Tambayar ita ce daga ina sunan ya fito, sai wani ɗan adaidaita ya miƙe ya rantse cewa wata mata ce mai suna Indo ta fara yin ta shi ya sa, kuma da yake Indo laƙabin masu suna A'isha ne a wurinmu mutane da dama suka ce kai da alamar gaskiya. Wani ɗalibin BUK ne ya ci kofin, ya ce Indo ɗin Indonesiya ce, mie kuma taliya kenan a yarensu, a can aka fara yin ta a 1972, kafin a zo a kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Ya ƙara da cewa ita dabarar taliya mai saurin dahuwa wani mutumin Japan ne Momofuku Ando ya fito da ita a 1958. Yanzu ko wane kamfani ya yi tasa indomi muke ce mata, kamar yadda duk wani dunƙule ya zama magi alhali Maggi sunan mutum ne, Julius Maggi ɗan ƙasar Suwizalan, duk garin wanki omo ne, duk man goge baki makilin ne daga Macleans, duk man shafawa mai kauri basilin ne. Milo ma da ke kan teburin sunan wani shahararren ɗan kokawa ne na Girka ta dā, a Ostareliya aka fara haɗa shi a 1934 aka sa masa sunan don a nuna yana ba da ƙarfi, da aka faɗi haka sai wani mai son dambe ya ce to daga yau a daina sa masa Bournvita.

Ni abin da ya fi burge ni a wannan kaskon shi ne albasa. Larabci ce, albasal, muka karɓa har da al ɗin gabanta muka haɗe, irin su allura da almakashi da aljihu da alƙalami da alkama duk haka suka shigo. To Yarabawa kuma a bakinmu suka ji suka ce alubosa. Mu ma mun karɓa a wurinsu, ashanar da mai shayin ke kunna risho da ita kalmarsu ce, agogo tasu ce, akwati da keke ma haka. Kafin ashana ƙyastu kakanninmu ke amfani da shi, Baba ya ce ya ga kakansa yana ƙyasta shi da idonsa. Tumatir kuwa daga Meziko ya taso, sunansa na yaren mutanen can ne tomatl, ya bi ta Sifaniyanci da Ingilishi kafin ya iso kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Cokalin da kake juya shayin da shi na Buzaye ne, tare da takobi da raƙumi da takarda. Fankar da ba ta a wurin ma an taɓa tambaya a kanta, kalmar Indiya ce pankha, Turawan mulki da suka yi aiki a can suka taho da ita. Kuma ba kullum mu ke karɓa ba, ƙamus ɗin Oxford ya shigar da Kannywood a 2020, daga baya ya shigar da suya, kuma kolar da ke cikin sunan Coca-Cola goro ne.

Amma daren da ya fi kowane dare shi ne na kuɗi. Aka rubuta: me ya sa ake ce wa naira ɗari biyu jaka? Samari suka yi shiru don su jaka kawai suka taso suna ji, jaka biyar dubu ɗaya, jaka goma dubu biyu, shikenan. Wani dattijo mai sayar da goro da ba ya cika magana ne ya gyara zama ya ce a zamanin fam jaka guda fam ɗari ce, da aka canza kuɗi ranar 1 ga Janairun 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu, to fam ɗari ta zama naira ɗari biyu, sunan ya zauna har yau. Ai kuwa sai dattawan wurin suka ɓalle, kowa na tuno nasa. Kwabo daga copper ne don da jan ƙarfe aka yi shi. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu wato shilling, sule ashirin fam ɗaya. Ɗari rabin kwabo ne. Anini kuwa sai ka tara goma ka samu kwabo, ɗan ƙarami mai huda a tsakiya, shi ya sa har gobe in mutum ya ce ba shi da ko anini ka san ya kai maƙura, kuma shi ya sa ake ce wa taurarin da ke kafaɗar hafsoshi anini, ka ji an ce mai anini uku. Wani yaro ya ce shi wallahi ya ɗauka sisi wata kalma ce kawai mai nufin babu, bai san kuɗi ne na gaske da aka taɓa sayen abinci da shi ba, sai mai goron ya ce "Ɗana, da sisi na ci na ƙoshi a bakin tasha har da canji." Baba ya ɗora da cewa ita kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wurin nan na teku da aka yi ciniki da shi kafin Turawa, mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka kwaso shi. Naira kuma daga sunan Najeriya aka yanko ta, Obafemi Awolowo ake danganta wa raɗin sunan lokacin yana riƙe da harkar kuɗi a gwamnatin Gowon. Murtala naira ashirin ce saboda hotonsa da aka sa a takardar a 1977, wazobiya kuma naira hamsin ta 1991 mai hotunan ƙabilu, wa na Yarbanci, zo namu, bia na Inyamuranci, duk ma'ana ɗaya.

Nan ne mai shayin da kansa ya ajiye ludayi ya shigo, ya ce su a Nijar ai da dala suke lissafi, dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa, in ka ji an ce dala ashirin to sefa ɗari kenan, dala ɗari sefa ɗari biyar, jika kuma sefa dubu wato dala ɗari biyu, ya ce shi ya sa Bakano in ya je kasuwar Maraɗi ko Damagaram karon farko yake ruɗewa, a ce masa dala hamsin ya rasa me zai miƙa. Baba ya ce ita ma dalar tana da labari, wani tsohon kuɗin azurfa ne na Turai mai suna tala da aka fara bugawa a wani kwari a ƙasar da yanzu ake kira Cek, irin sa mai hoton sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki ya yi yawo sosai a kasuwannin Sahara da na ƙasar Hausa, kuma dalar Amurka da ake ta kuka da ita a kasuwar canji ta Wapa daga wannan sunan ta fito. Har wajen sha ɗaya na dare ana wannan hirar, ruwan tukunya ya ƙare babu wanda ya tashi.

Kasancewarsa mutumin Nijar ya ƙara wa teburin armashi ƙwarai, don akwai kalmomin da mu muka karɓa daga Ingilishi su kuma daga Faransanci, sai ya riƙa jefo su a matsayin tambaya. Mu kwalta su gudaro, mu makaranta ko sukul su lakwal, mu likita su lokotoro, mu babbar mota su kamiyo. Mu muna cewa biro, sunan wani mutumin Hangari ne László Bíró da ya ƙirƙiro alƙalamin, su kuma bik suke cewa daga kamfanin Bic na Faransa. Mu in wuta ta zo mu ce an kawo nepa, duk da cewa ita NEPA ɗin da aka kafa a 1972 an canza mata suna tun 2005, su kuma kuran suke cewa. Rishon da yake dafa Indomie a kai ma ya ce nasu ne, daga Faransanci ya tsallako iyaka ya zauna a bakinmu. Yana faɗin waɗannan da alfahari kuma ana tsokanarsa yana ramawa, irin wasan da ke tsakanin mutanen da suka san gida ɗaya ne.

Ita ma adaidaita sahu an tambaya, wannan kam mutane da yawa sun sani don a gabanmu aka yi, sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka kawo baburan masu ƙafa uku a ƙarƙashinsa don ɗaukar mata, sunan ya bi su. A wasu garuruwan Keke Napep ake cewa, daga shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo. Yaran da aka haifa bayan nan su ba su san akwai wani shiri ba, babur kawai suka sani.

Yanzu kuma abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don in na ɓoye ban yi wa mai karatu adalci ba. Na farko wankin kofi. Bokitai biyu ne a ƙarƙashin tebur, na kumfa da na ɗauraya, kuma in dare ya yi nisa mutane sun yi yawa ruwan ɗaurayar yana canza launi ba a canza shi ba, wannan ba daidai ba ne ga wurin da mutane da yawa ke shan abu da kofi ɗaya. Yaron da ke taya shi yana ƙoƙari amma shi kaɗai ne, shi ne wanki shi ne miƙa burodi shi ne karɓar kuɗi. Wasu kwastomomin suna zuwa da kofinsu ko filas daga gida, kuma ni ma shawarar da zan bayar kenan har sai ya ƙara bokiti ko ya ƙara yaro. Na biyu jira, tsakanin bayan isha'i zuwa wajen ƙarfe tara in ka ce Indomie to ka shirya zama, kasko ɗaya ne risho ɗaya, kuma in muhawarar kwali ta yi zafi shi kansa mai shayin yakan tsaya da cokali a hannu yana saurare. In sauri kake yi wannan ba wurinka ba ne a wannan lokacin. Hayaƙin icen tukunya ma in iska ta juyo yana damun wanda ya zauna a bencin gabas, ga sauro lokacin damina.

Sai kuma wanda ya fi ci min rai. Ranar da Baba bai fito ba, wani lokaci mai ƙarfin murya ne ke cin kofi ba mai gaskiya ba, mutum ya tsara labari mai daɗin ji a kan wata kalma ya haɗa da rantsuwa, jama'a su yi shewa, mai shayin ya ga an yarda sai ya haɗa masa. Kofi ɗaya ba komai ba ne, amma yara suna zaune suna ji, gobe su je makaranta su faɗa a matsayin ilimi. Ya kamata in alƙali ba ya nan a ɗage hukunci zuwa gobe, ko a yarda bayan kowa ya faɗi tasa a buɗe waya a duba. Shi Baba abin da nake girmama shi da shi kenan, in kalma ta fi ƙarfinsa ba ya ƙirƙira, cewa yake yi a canza tambaya. Sannan mata ba su da wurin zama, sai dai su aiko yaro da filas, alhali na san akwai malamai mata a unguwar da za su kayar da mu duka a wannan wasan. Wata malamar Hausa ma takan aiko ɗanta da amsa a rubuce a takarda, kuma ta sha cin kofin, a zuba mata a filas a kai mata gida. Da zai ajiye benci ɗaya a gefe ko ya riƙa turo tambayar a WhatsApp ga masu so da abin ya fi haka.

Farashi kuwa daidai yake da na sauran masu shayin unguwa, bai ƙara ko kwabo don kwalinsa ba, kuma yana yanka burodi daidai kuɗinka ba ya cewa sai ka sayi guda. Burodin kullum sabo ne don da yamma ake kawo masa daga gidan burodin da ke bayan layin, wani lokaci da ɗuminsa. Ranar da aka yi sa'a za ka tarar da gurasa ma, wadda ita ma an taɓa sa ta a kwali tare da alkubus da alkaki, duk ukun daga Larabci, alkubus ɗin ma sunan burodi ne kawai a can.

Yana fitowa bayan sallar asuba ya tashi da hantsi, sannan ya dawo bayan magariba, amma kwalin da daddare kaɗai ake kafa shi, da safe kowa sauri yake yi. In kana son samun wuri a benci kuma ka ji tambayar tun farkonta to ka iso kafin a idar da isha'i, ka nemi bencin yamma saboda hayaƙi. Yana karɓar tiransifa amma ta asusun yaronsa ne kuma sabis a layin yana wahala, gara ka riƙe 'yan canji a aljihu. In kana da wata kalma da ta daɗe tana yi maka yawo a kai za ka iya rubuta ta ka ba shi, yana tarawa a cikin wani gwangwanin Peak, in Baba ya duba ya tabbatar da amsarta sai a sa ta a kwali, amma kai da ka kawo ba ka cikin masu cin kofi a ranar.